Ɗakin Inna da Kwazazzaban Yuta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kakarmu Inna, Allah ya jiƙanta, kuma har yau ɗakinta a kulle yake. Ɗakin ƙasa ne a ƙuryar gida, mai rufin azara, da daɓen da ita da matan unguwa suka daɓe da hannunsu tun ba a haifi mahaifinmu ba. Gadonta na ƙarfe mai rumfa yana nan, da jeren tasoshinta, da adudu, da randar da ruwanta ya fi na firiji daɗi. Duk Sallah in mun hallara sai an yi gardama a kan ɗakin nan. Yayanmu, wanda ya zauna a gidan da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, so yake a rushe a yi ginin bulo. Mu da ke birni ba mu yarda ba.

"Ku kwana biyu kuke yi, ku shaƙi ƙamshin turaren Inna, ku share hawaye, ku hau mota," in ji shi. "Ni damina ke tararwa a nan. Samari huɗu a ɗaki ɗaya kamar kifin gwangwani, ga ɗaki can ɓeraye sun samu gidan haya kyauta."

Ƙanwarmu takan ce, "Yaya, in ka zuba siminti a nan, wa ya rage a garin nan da zai sake yi mana irin wannan daɓen?"

A yammacin Amurka akwai gidan gado irin namu, sai dai nasu ɗakin ya kai girman wata ƙasar, kuma sun haura shekara arba'in suna irin wannan Sallar. Kudancin jihar Yuta hamada ce ta jan dutse. Kogin Kolorado da rassansa sun yi shekaru miliyoyi suna cin dutsen har suka tsaga kwazazzabai, wasu zurfinsu ɗaruruwan mita, wasu kuma ƙuncinsu sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya wuce. Ruwan da ake samu a garin Moab bai cika kai milimita 250 a shekara ba. Kusan kashi 63 cikin 100 na ƙasar jihar mallakar gwamnatin tarayya ce, wato ta kowane Ba'amurke, da wanda ke kiwon shanu a bakin kwazazzabon da wanda ke zaune a bene na talatin a New York bai taɓa ganin wurin ba sai a kalanda. A gundumar San Juan, filin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ka ga magada miliyan ɗari uku da ɗoriya, amma masu kwana a gidan 'yan dubbai ne.

Kwaɗon da ake rigima a kansa wata doka ce da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Satumba, 1964. In mun kira ta dokar daji ba mu yi kuskure ta ko'ina ba, domin doka ce, kuma abin da take karewa shi ne abin da Bahaushe ke kira dokar daji. Howard Zahniser, wanda ya shafe shekara takwas yana rubutawa yana gyarawa, ya rasu watanni kaɗan kafin a sa hannun. An fara da eka miliyan 9.1, yau an haura miliyan 111. Duk filin da majalisar tarayya ta sa ƙarƙashin dokar, ba a yanka titi a cikinsa, ba a gini, ba a buɗe sabon ramin ma'adinai, ba mota, ba babur, ko keke ba a shiga da shi. Amma ana shiga da ƙafa ko a kan doki, ana farauta, ana kamun kifi, ana kafa tanti a kwana, kuma makiyayin da dokar ta tarar yana kiwo yana ci gaba da kiwonsa. Kulle ma ya yi wa abin yawa. Ya fi kama da yadda Inna ke karɓar baƙi tana raye: shigo, amma takalminka a bakin ƙofa.

A 1976 majalisa ta umarci hukumar kula da filayen tarayya, wadda ake kira BLM, ta zagaya ta ƙirga wuraren da suka cancanci wannan kariya. Babban sharaɗi shi ne fili ya kai eka 5,000 babu titi a cikinsa. Duk wanda ya taɓa zama wurin lissafin kayan mamaci ya san yawan tasoshi yakan danganta da wanda ke riƙe da biro. Hukumar ta ce a Yuta ta samu kimanin eka miliyan 3.2. Masu son a kare wurin suka ce ba a yi ƙirgen da zuciya ɗaya ba. Suka ɗauki taswira da kyamara, suka taka da ƙafarsu, suka dawo da miliyan 5.7. A 1989 ɗan majalisa Wayne Owens, ɗan jihar, ya gabatar da ƙudiri a kan shawarar tasu. Tun daga nan kowace sabuwar majalisa sai an sake gabatar da shi, adadin ya ƙaru har ya haura miliyan 8, kuma bai taɓa zama doka ba.

Da yake titi ne ke hana fili cancanta, sai rigimar ta koma kan tambayar da yaro ma zai ce ya san amsarta: mene ne titi? Akwai wata tsohuwar doka ta 1866, zamanin da gwamnati ke roƙon mutane su je yamma su haƙa zinariya, mai layi ɗaya tak, wadda ta ba da izinin yin hanya a filin gwamnati ba tare da takarda ba. An soke ta a 1976, amma aka ce hanyoyin da aka riga aka yi suna nan. A 2012 jihar Yuta da gundumominta suka shigar da ƙara suna neman kimanin hanyoyi 12,000. Wasunsu hanyoyi ne na gaske da motar makaranta ke bi. Wasu kuwa busasshen rafi ne, ko sawun katafilar da wani mai neman yuraniyom ya tura sau ɗaya a shekarun 1950 ya tafi bai waiwayo ba. Na san wannan dabara tun ina yaro. Akuyar maƙwabci ta huda darni, yara suka bi ta hudar, matan gida suka ga ta fi kusa da rijiya, bayan shekara biyar in ka tashi toshewa sai a kai ka gaban mai unguwa a ce ka tare hanyar jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da zarar ya shiga sai ya ce gidan kakansa ne.

Wanda bai san hamadar ba zai ce mene ne abin ɓaci a sawun taya a kan yashi, iska ai za ta share. A nan ne maganar ƙanwarmu ta daɓe take da nauyi. Fuskar ƙasar wurin tana da wani baƙin ɓawo mai tudu da kwari, wanda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke saƙawa tare da gansakuka. Shi ke riƙe yashi kada iska ta kwashe, shi ke tsare ɗan ruwan da ya sauka, shi ke ba ƙasar taki. Yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya kafu. Taya ɗaya ko kofato ɗaya ya isa ya farfasa shi, kuma daga inda ya fashe zaizaya ke farawa. Matan da suka daɓe ɗakin Inna sun kwana uku suna bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba. Yaron da ya ja ƙafar gadon ƙarfe a kai zai ɓata aikin kafin a ce masa kul.

Duk da haka ba na son a ɗauki Yaya a matsayin mugun labarin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mutanen waɗannan ƙauyuka ba jiya suka zo ba. A ƙarshen 1879 wasu mabiya ɗariƙar Mormon, kimanin mutum 250, suka tashi da kekunan doki za su kafa gari a bakin kogin San Juan. Tafiyar da suka yi wa lissafin mako shida ta ci wata shida. A wani wuri sai da suka fasa tsagar dutse da albarushi, suka zura kekunansu ana riƙe da igiya har bakin kogin Kolorado. A watan Afrilu na 1880 suka sauka inda garin Bluff yake yau. Jikokinsu ne ake gaya wa cewa ƙasar da kakanninsu suka sha wannan wuya a kanta daji ce da ɗan'adam bai taɓa ba. Ga kuma maganar aljihu. A Amurka harajin filaye da gidaje ne ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin makarantu, filin tarayya kuwa ba a karɓar haraji a kansa. Tun 1976 gwamnatin tarayya ke aika wa gundumomi wani abu a madadin harajin, su kuma kullum cewa suke bai kai ba, daidai yadda Yaya ke kallon ɗan abin da muke turowa ta waya ƙarshen wata. A 2015 gundumar Garfield ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda yara na ƙarewa a makarantunta.

Akwai kuma cin fuska, wanda ya fi asarar kuɗi daɗewa a zuciya. Ranar 18 ga Satumba, 1996, ana saura makonni a yi zaɓe, Shugaba Bill Clinton ya keɓe eka miliyan 1.7 na yankin Grand Staircase-Escalante, abin da ya kashe shirin haƙar kwal a tudun Kaiparowits. Gwamnan jihar da 'yan majalisarta sai dab da sanarwar suka samu tabbacin labarin. Bikin ma ba a Yuta aka yi shi ba, a bakin Grand Canyon aka yi, cikin jihar Arizona. Kamar a ce mu 'yan birni mu taru a gidan ɗayanmu, mu yanke shawara a kan ɗakin Inna, mu ɗauki hoto muna murmushi, Yaya ya ga hoton a Facebook. Ko shawarar ta fi zuma daɗi ba zai haɗiye ta ba.

Sai dai Yaya ma yana da nasa mantuwar. Yakan yi magana kamar kulle ɗakin ne ya jawo duk ƙuncin gidan. Moab ta yi arziki bayan Charlie Steen ya tono yuraniyom a 1952, ta kuma tsiyace a farkon shekarun 1980, kuma ba masu kare daji ne suka tsiyata ta ba, farashi ne ya faɗi. Masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, ta bar tulin dusa mai guba, kimanin tan miliyan 16, a gaɓar kogin Kolorado. A 2009 aka fara kwashe ta a jirgin ƙasa da kuɗin harajin magada duka, har da na New York ɗin. Wanda ya rushe ɗaki don ya sayar da azara, kuɗin azara zai ƙare kafin kaka, ramin kuwa yana nan.

Mu masu zuwa Sallah ma hannunmu ba wankakke ba ne. Edward Abbey, wanda ya yi aikin gadin dajin Arches a 1956 da 1957, ya fitar da littafinsa Desert Solitaire a 1968 yana kukan kada a kawo kwalta da motoci. Littafin ya yi daɗin da ya jawo wa wurin ƙarin masoya. Yau Arches na karɓar baƙi kimanin miliyan ɗaya da rabi a shekara, har a 2022 aka gwada sa mutum ya yi rajistar lokacin shiga tun daga gida. Aiki ya samu a otal da gidan abinci, amma na 'yan watanni ne, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin masu yin aikin. Na taɓa ƙirga mu a ɗakin Inna wata Sallah, mu goma sha bakwai, kowa na ɗaga tasa yana nuna wa 'ya'yansa. A ranar muka fasa akushi ɗaya. Ɓerayen da Yaya ke zagi ba su taɓa fasa komai ba.

To a ce ana tsakiyar wannan gardama sai a ji sallama a zaure. A leƙa a ga wata tsohuwa, ta ce ba faɗa ta zo ba, amma kafin kakanku ya sa tubali a nan, iyayenta ne a wurin, kuma kabarinsu na ƙarƙashin tsakar gidan da kuke shanya. Haka ta faru a 2015, lokacin da ƙabilu biyar na 'yan asalin ƙasar, Nabaho da Hopi da Zuni da rassa biyu na Yut, waɗanda daga sunansu jihar ta samo nata, suka haɗa kai suka nemi a kare yankin Bears Ears. Sunan na wasu tagwayen duwatsu ne masu kama da kunnuwan beyar. An ƙiyasta akwai wuraren tarihi fiye da 100,000 a yankin: gidajen dutse da aka liƙa a jikin kwazazzabai shekaru ɗari bakwai zuwa dubu da suka wuce, da rumbunan masara, da zane a jikin dutse, da kaburbura. An daɗe ana tone su ana sayar da tukwanen. Zuwan tsohuwar ya ɓata wa kowa lissafi. Jikan wanda ya zo a 1880 ya zama baƙon jiya. Mai son daji kuma ya ga cewa wurin da yake kira wanda ba a taɓa ba, gidan mutane ne da rumbunansu. Su ma ƙabilun ba kwaɗo zalla suka nema ba. Yawancin gidajen Nabaho da itace suke ɗumama ɗaki da hunturu, suna buƙatar a-kori-kura ta shiga ta ɗebo, suna buƙatar saiwa da ganyen magani. Abin da suka nace a kai shi ne a zauna da su wajen gudanar da wurin, kuma a 2022 aka sa hannu kan yarjejeniyar hakan.

Kowane ɓangare yana da ɗansa da ya kwana a kurkuku. A Disambar 2008 wani ɗalibi, Tim DeChristopher, ya shiga gwanjon filayen haƙar mai ya riƙa ɗaga lamba 70 har ya cinye filaye 14 a kan dala miliyan 1.8 da ba shi da su, ya yi wata 21 a tsare. A Mayun 2014 Phil Lyman, kwamishina a gundumar San Juan, ya jagoranci masu babura masu ƙafa huɗu zuwa kwazazzabon Recapture da aka hana ababen hawa shiga saboda kufan da ke ciki, ya yi kwana 10. Kowanne jarumi ne a zauren gidansu.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda ake canza kwaɗon. Majalisa kaɗai ke iya sa fili a dokar daji, kuma da yake ta kasa, shugabanni suka koma ga wata doka ta 1906 da ta ba su ikon keɓe wurin tarihi da sa hannu ɗaya. Barack Obama ya keɓe eka miliyan 1.35 na Bears Ears a Disambar 2016. Bayan shekara guda Donald Trump ya zaftare kashi 85 cikin 100, ya kuma rage kusan rabin abin da Clinton ya keɓe. A Oktoban 2021 Joe Biden ya mayar da su. Makiyayi bai san ko ya gyara rijiyarsa ba, mai otal bai san ko ya ƙara ɗaki ba. Gidan da duk wanda ya zama babba sai ya kira maƙeri ya ɓalle kwaɗon na gabansa, ƙofar ce ke shan wahala.

Kawunmu, wanda ya yi karatun zaure, ya taɓa gaya mana cewa abin da muke yi ba shi da suna a littafi. "Ku 'ya'yan nan, gado ko a raba shi ko magada su yarda su yi waƙafi da shi, a rubuta, a sa shaidu. Wannan kulle naku na kunya ne kawai." A gundumar Emery an yi abin da ya yi kama da shawarar Kawu. Makiyaya da masu babura da jami'an gunduma sun haura shekara ashirin suna zama a kan taswira, daga baya aka ja da masu kare daji, aka yi ciniki kwazazzabo bayan kwazazzabo. A Maris na 2019 majalisa ta sa kimanin eka 660,000 a dokar daji, aka musanya wa jihar filayen da ke ciyar da asusun makarantunta da wasu da za ta iya samun kuɗi a kansu, kuma Trump ɗin nan dai shi ya sa hannu. Babu wanda ya fito yana guɗa, kowa ya ce an rage masa. Amma ba a ji wani na neman maƙeri ba.

In aka matsa mini, ina bayan kulle, dalilina kuma ɗaya ne. Ɗakin da aka bari bana ana iya rushe shi baɗi, wanda aka rushe kuwa sai labari. Amurkawa sun gwada. A shekarun 1950 masu kare daji, David Brower na gaba, suka hana gina madatsar ruwa a Echo Park, suka kau da kai daga wadda za a gina a kwazazzabon Glen, wurin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. A 1963 aka toshe kogin Kolorado a can, ruwa ya soma hawa, tafkin Powell mai tsawon kusan kilomita 300 bai cika ba sai 1980. Brower ya je ya ga wurin kafin ruwa ya gama cinye shi, ya kuma rayu da nadamar har ya mutu. Da fari ya tsananta, a farkon 2023 tafkin ya sauka zuwa kimanin kashi 22 cikin 100 na cikarsa, sai ga kwazazzaban da aka yi wa ta'aziyya suna leƙowa, da farin zobe a jikin jan dutsen da laka mai zurfi a ƙasa. Mutane suka riƙa shiga da ƙananan jirage suna kallon abin da kakanninsu suka nutsar.

Amma mai cewa a kulle shi ne da biyan kuɗin kwaɗo. Bara muka yi karo-karo, mu 'yan birni, aka gina wa samarin Yaya ɗaki biyu a jikin zaure, aka yi wa na Inna sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka, muka kuma danƙa makullin a hannun uwargidansa maimakon ya riƙa yawo a jakar ƙanwarmu.

Da na je Sallar bana na karɓi makullin na buɗe. Randa na nan, tasoshi na nan an goge su fes, ba yanar gizo ko ɗaya. A bayan ƙofa kuma ga buhun masara a jingine, ga wani siririn farin layi a kan daɓen, daga dokin ƙofa zuwa gindin buhun, inda aka ja shi. Ina tsaye ina kallon layin sai na ji Yaya a bayana.

"Ɗaya ne kawai," ya ce. "Rumbun ne ke yoyo. Da an yi kaka zan fitar."